Waƙar Balkisa da Makewayin Mata

Assalamu alaikum. Malam liman, mai unguwa, shugabannin kasuwa, maigidan marigayiya Malam Abdulkarimu da yara, 'yan'uwana mata, sannunmu da haƙuri.

Da aka ce mini Balkisa ta rasu, na yi salati, amma maganar ba ta shige ni ba. Sai ran da na koma kasuwa na ce wa mai koko ta zuba mini biyu, nawa da na Balkisa, kamar kullum. Ta zuba ɗaya, ta riƙe hannuna. Nan na gane.

Ni ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, abin da na gani zan faɗa. Shekara goma sha tara muna sayar da tattasai kusa da juna a nan Bukoki.

Ta kasance mai kiɗan ƙwarya, amma ba masu hannu da shuni take wasawa ba. Ta yi wa masu sharar kasuwa waƙa. Ta yi wa ungozoma. Ta yi wa matan da ke tsallako gada daga Harobanda da zogale a ka, kowace da sunanta.

Ta kasance mai faɗin abin da muke jin kunyar faɗa. A kasuwarmu maza kaɗai ke da makewayi. Mu mata sai mu ƙi shan ruwa tun safe har la'asar, ko cikin zafi, ba wadda ta iya gaya wa namiji. Ran sunan jikan Alhaji shugaban kasuwa, Balkisa ta kifa ƙwarya ta ɗauko waƙa: "Alhaji ya ba mu lemu-hari, mun gode. In mun sha, Alhaji, ina za mu?"

Na ja mata zane na ce, "Ke Balki, za ki sa a kore mu."

Ta ce, "Kadi, ki yi amshi ko ki matsa."

Muka yi amshi, dukanmu. Alhaji, yau ga ka kana murmushi, amma ranar da hula ka rufe fuska. Kafin damina aka sauke bulo na ginin makewayin mata.

Malam Abdulkarimu, mun gode, ba ka taɓa hana ta kiɗa ba. Rahina 'yata, ki riƙe ƙwaryar uwarki, mu za mu yi miki amshi.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙanta, ya shayar da ita ruwan Alkausara.

Ginin makewayi ya tashi, an yi rufi. Amma ba a sa ƙofa ba, kuma har yau ba ma shan ruwa a kasuwa.