Irin Gyaɗar Baba da Na Soya

Salama a gare ku duka cikin sunan Yesu Almasihu mai cetonmu. Baba Fasto, dattawa, matan zumunta, na gode da kuka ba ni wannan fili. Saboda baƙin da ke cikinmu, sunana Rifkatu, matar Iliya, surukar marigayi Baba Tanko. Ku yi haƙuri da ni. Abin da zan faɗa ba abin alfahari ba ne.

Kowa a garin nan ya san sana'ata, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Shekara biyu da suka wuce ƙanwata da ke aure a Rijiyar Zaki ta buɗe mini shago a kasuwar intanet, wadda ake ciniki ta waya. Sai in sa hoton kayana, mai so ya danna, saƙo ya shigo cewa an yi oda. Sai in kai kaya tasha a Ɗambatta, mota ta kai su ofishin masu kasuwar a Kano, su kuma su kai wa mai saye. Sai kaya sun shiga hannunsa yake biya.

Da farko abin ya yi daɗi. Mutanen da ban taɓa gani ba suna yabon maina. Kaina kuwa ya fara kumbura. Matan zumunta, ku gafarce ni, sau nawa kuna waƙa ni ina leƙen waya a ƙarƙashin littafin waƙoƙi! Har na fara kallon masu talla a faranti kamar an bar su a baya.

Amma akwai abin da ban gane ba. Mu nan, in mai saye ya ce ya saya, mai kaya ya ce ya sallama, aka ce Allah ya sa albarka, magana ta ƙare ko da ba a miƙa ko kwabo ba. Wanda ya fasa bayan an sallama masa, sai ya yi makonni bai iya haɗa ido da mutane a kasuwa. Da wannan tunanin na shiga kasuwar waya. Duk odar da ta shigo, a zuciyata sai in ce na sallama.

Ashe can ba haka ba ne. Mai saye yana iya sokewa duk sa'ad da ya ga dama, ko kaya suna cikin mota, ko suna ƙofar gidansa. Wani ya rubuta wai ya canja shawara. Wata ta ƙi ɗaga waya kawai. Kaya su yi mako suna yawo, su dawo miki ƙuli-ƙuli ya zama gari, kuɗin mota ya tafi a banza. Shi mai saye ba abin da zai same shi. Amma ke mai kaya, in kika soke ko kika makara, sai a rage miki taurarin da ke gaban sunan shagonki, a tura ki can ƙasa inda ba mai ganinki. Na ji tsoron rasa taurarin nan fiye da yadda na ji tsoron Allah. Gaskiya ke nan.

To, a gidanmu akwai wata gyaɗa da ba a taɓawa. Ja ce, ƙanana, ga mai, kuma ko ruwa ya ɗauke da wuri tana yi. Baba Tanko ya gaje ta wurin mahaifinsa, shi ma wurin nasa. Duk shekara ana ware buhu biyu da ɓawonta a sa a rumbu don iri. Baba ya yi shekara shida ba ya gani, amma shi yake ɓare irin nan da hannunsa, yana tsince marasa kyau da yatsa. Ko a shekarar da muka ci tuwo sau ɗaya a rana bai yarda an taɓa buhunan nan ba.

Bara da bazara, ana jiran ruwan shuka, oda ta shigo irin wadda ban taɓa gani ba. Galan shida na mai da ƙuli-ƙuli mai yawa, cikin kwana huɗu. Gyaɗar da ke hannuna ba ta wuce ta galan biyu ba, ranar kasuwa kuma sai bayan wa'adin. Na kira matar da ta sa odar na ce, "Madam, kin tabbata kina son kayan nan duka?"

Ta ce, "Haba, ba ni na sa odar ba? Ke dai ki yi sauri."

Na ce, "To na sallama, Allah ya sa albarka." Ta yi dariya ta kashe waya.

Iliya yana aikin lambu can wajen Bagwai, sai ƙarshen mako yake dawowa. Na tsaya gaban rumbu ina ba kaina hujja. Na ce aro ne kawai. Na ce in kuɗi suka zo zan zagaya ƙauyuka in nemo irinta in mayar, ban ma tsaya na tambayi kaina ko wani yana da ita ba. Na hau na sauke buhu biyun, na ɓare, na zuba a kasko.

Ina cikin suya Baba ya kira ni daga gindin darbejiya inda yake zama. Ya ce, "Rifkatu, wace gyaɗa kike soyawa yau?"

Na ce, "Ta kasuwa ce, Baba."

Ya shaƙi iska ya kau da kai.

Rana ta huɗu na sa kaya a mota. Ina kan hanyar komowa gida, ban ma sauka daga babur ba, waya ta yi ƙara. Na duba. An soke oda.

Wayyo Allah! 'Yan'uwa, ban san yadda na iso gida ba. Na kira ta, na kira, ba ta ɗauka ba sai rana ta uku. Ta ce, "Ai na samu mai araha nan kusa da ni. Mene ne abin kuka? Ban ci miki ko sisi ba, kayanki za su dawo miki." Na kashe wayar. Yaya za ki gaya wa wadda ba ta taɓa riƙe fartanya ba cewa soyayyar gyaɗa ba ta tsira?

Bayan kwana tara kayan suka dawo, galan ɗaya ya fashe ya jiƙe ƙuli-ƙulin. Na karyar da sauran a kasuwa, na sayi gyaɗar da na samu, na cika buhunan nan na mayar rumbu. Na ɗinke bakinsu da irin ɗinkin Iliya, don in ya gani kada ya gane. Kun ga inda na kai.

Da Lahadin addu'ar iri ta matso, wadda kowane gida ke kawo kwanon irinsa nan gaba a yi masa albarka, Iliya ya sauke buhu ya ajiye gaban Baba. Baba ya ɗebi ɗaya, ya murza a yatsa, ya fasa, ya shafa ƙwayar. Ya ɗebi wata. Sai ya mayar a hankali ya ce, "Iliya, wannan gyaɗa baƙuwa ce."

Iliya ya zazzage buhu biyun a tsakar gida kamar zai haukace. Ya ce an shiga rumbu an yi musanya. Rumbun namu kuwa yana jikin dangar maƙwabcinmu Malam Sani, mutumin da ya yi shekara arba'in yana zaman lafiya da Baba, ko azumi ko Kirsimeti kwano ba ya yankewa tsakanin gidajenmu. Iliya ya ɗora zargi a kan gidansa, ya daina gaishe shi. Baba ya ce, "Iliya, kada ka ɗauki alhakin mutum." Ni kuwa ina tsaye riƙe da tsintsiya, na yi gum.

Ni na ɗauko kwanon baƙuwar gyaɗar nan ranar Lahadi. Ni na ajiye shi a nan, gaban wannan bagadi, na rufe ido na ce amin tare da ku. Ubangiji ka yi mini jinƙai!

Aka yi ruwa, aka yi shuka. Baba ya rage cin abinci, ya daina fitowa gindin bishiya. Ni ma ciwo ya kama ni. Ƙanshin suyar gyaɗa in na ji sai amai. Na rame har zane ba ya zama a ƙuguna. An kai ni asibiti an ce ba a ga komai ba. Ina addu'a kuwa, amma kun san addu'ar me? Ina cewa Allah ya saka mini a kan matar nan. Allah ya sa ta ga abin da na gani. Kullum ita, kullum ita.

Wata ranar Laraba da hantsi, na dama wa Baba kunu, na tsuguna a madafa ina jiran ya huce. Na fara addu'ata ta kullum, sai bakina ya ƙi. Wani tunani ya sauko mini a zuciya, a fili kamar mutum na magana: ita ta saɓa wa baƙuwar da ba ta taɓa gani ba, ke fa, wa kika saɓa wa? Na kifa fuskata a ƙasa cikin toka. Na ce, "Yesu, ni ce. Ba ita ba ce, ni ce. Na gaji da ɗaukar kayan nan. Ka ba ni bakin faɗa ko da za a kore ni daga gidan nan." Na yi kuka har kunun ya yi sanyi. Da na tashi, ƙirjina ya yi sauƙi irin wanda rabona da shi tun bazara.

Na shiga ɗakin Baba na durƙusa, na faɗa masa komai.

Ya lalubo kaina ya dafa. Ya ce, "Ai na sani tun ranar. Idona ne ya mutu, ba hancina ba. Ba gyaɗar ce ta fi ci mini rai ba, 'yata. Jiranki nake, kina ta wuce ni da kwanon kunu." Sai ya tsaya, kamar ya tuna wani abu. Ya ce, "Ina Iliya?"

Na ce, "Yana noman fari a gonar gero."

"Wacce? Inda aka yi gyaɗa bara?"

"Ita, Baba. Yau kwanansa uku a ciki."

Tsohon da ya yi mako bai iya zama da kansa ba ya yunƙura ya miƙe zaune. Ya ce, "Ruga! Gyauro, Rifkatu! Ki ruga ki tsayar da shi!"

Manoma kun gane. 'Ya'yan da suka tsinke suka saura a ƙasa lokacin cirar gyaɗa da kaka, in ruwa ya sauka sukan tsiro da kansu, kuma da noman fari ake share su tare da ciyawa. Irin Baba yana can cikin gero, ba wanda ya shuka shi, mijina kuma yana sare shi bai sani ba.

Na ruga ba takalmi. Tun daga nesa nake ihu, "Iliya, ajiye fartanya! Don Allah ajiye!" Na same shi saura kunya biyar ya gama gonar. Bayansa kuwa, tun daga bakin hanya, ga gyauron nan kwance cikin ciyawa, rana ta busar da shi. Da na yi magana kwana uku kafin nan, da mun tsirar da ɗaruruwa. Wannan baƙin cikin har yau bai sake ni ba.

A nan cikin gona na durƙusa na faɗa masa. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba, ni kuwa da ma ya yi. Ya dube ni kawai, ya ajiye fartanya, ya sunkuya ya fara bin kunyar da ta rage da rarrafe. Na bi bayansa. Muka ƙirga tushe goma sha ɗaya.

Da yamma ya shiga gidan Malam Sani ya nemi gafara. Washegari Malam Sani da kansa ya jawo ƙaya ya taya shi shinge tushen nan saboda awaki. Ni kuwa Iliya ya yi kusan wata ɗaya bai ce mini komai ba sai abin da ya zama dole, kuma ban ga laifinsa ba.

An ɗora Baba a amalanke sau ɗaya an kai shi gonar. Ya tsuguna ya shafa ganyen, ya ce, "Ita ce." Bai kai kaka ba. Ya tafi gida wurin Ubangiji saura mako uku a cire ta. Ya yafe mini da bakinsa, amma hannunsa bai sake ɓare gyaɗarsa ba, kuma ni na jawo.

Shagon yana nan. Har makon jiya ma wani ya soke oda bayan kaya sun kai Kano. Na ji zafi, amma na ci tuwona na yi barci. Yanzu abin da ke hannuna kaɗai nake sa wa hoto, taurari kuwa su hau ko su sauka.

Ga abin da tushe goma sha ɗaya suka ba mu, cikin wannan ƙaramin kwano. Ko cika bai yi ba. Yau Lahadin addu'ar iri ce, kuma da safen nan ina shirin fitowa Iliya ya ɗauko shi ya sa a hannuna. Na ce ba ni ba. Ya ce, "Ke za ki kai shi gaba, ke za ki ɓare, ke za ki riƙa ajiye shi daga yau."

Yabo ya tabbata ga Yesu, wanda ya fisshe ni daga ƙarya da ɗacin rai, ya tayar da ni daga ciwon da likita bai gani ba! Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da kake ɓoyewa, kada ka jira Lahadi mai zuwa. Ka dogara gare shi, ka buɗe baki yau, tun da sauran abin da za a tsirar.

Baba Fasto, ga irin gidan Baba Tanko. A wannan karon shi ne na gaskiya. A yi masa addu'a.