Ƙusoshin Takalman Tomasa

A shagon mai gyaran takalma da ke Lungun Maƙera a garin Jerez, wata tsohuwa na jiran layi, jajayen takalman rawa a cinyarta. Wani dattijo da ba ta sani ba ya ƙura musu ido.

"Baiwar Allah, da wannan gwiwar za ki taka rawar flamenko?"

"Kai da sandarka ka fi ni? Ƙusoshin ƙasansu masu ba da sauti na zo a cire. Takalman na yayata ne, watanta biyu da rasuwa. In na sa su sai in ji kamar ita ke tahowa."

"Juyo min dunduniyar hagu. Ai kuwa ta fi cinyewa! Na Tomasa ne."

"A ina ka san ta?"

"Maƙerar babana na ƙarshen lungun nan, inda yanzu ya zama masaukin baƙi. Ina dukan ƙarfe ina waƙa, ita kuma in za ta wuce sai ta amsa min da ƙafa a kan duwatsu. Shekara tara, ko sannu ban taɓa ce mata ba."

"Ashe kai ne ragon! Kullum sai ta ce maƙerin nan ya cika sauri."

"Ita dai ke jan ƙafa." Ya goge ido. "Duk waɗanda suka san sautin nan sun ƙare, sai ni."

Mai gyara ya miƙo hannu. Tsohuwar ta ƙanƙame takalman.

"Bar su," ta ce, ta zura ƙafarta. "Kai kuma buga sandarka. A hankali wannan karon."