Zaren Kitso da Sunan Baba Mai Agogo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Shugaban wannan ƙungiya tamu ta masu fatsa, da Mataimakinsa, da Sakatarenmu wanda na hango ya fara rubutu tun ban ce komai ba. Dattawanmu da suka riga mu sanin ruwa. Iyayenmu mata da matanmu, waɗanda suka jure ƙarnin kifi shekara guda cur, suka kuma yarda suka biyo mu yau. Baƙinmu na ƙungiyar ƙetaren tafki. 'Yan'uwa maza da mata, barkanmu da ganin wannan taro na shekara.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga Shugaba da ya ba ni minti goma sha biyar, ga hedimasta da ya ara mana wannan zaure, da kuma Direba da ya kwaso kujeru a motarsa, ko da yake biyu sun iso da ƙafa uku-uku.

An ce in yi magana a kan yadda ake zaɓen zaren kitso don keken saman sanda. Saboda baƙinmu da ba sa fatsa, bari in fayyace. Keken saman sanda shi ne abin naɗe zaren da yake zaune a bisa sandar, wanda ƙwarƙwaron cikinsa yake juyawa da kansa idan ka yi jifa, kai kuma kana lallaɓa shi da babban yatsa. Zaren kitso kuwa ƙananan silili ne aka kitse su kamar gashin kai, ba kamar zaren roba da muka saba da shi ba, wanda yake sili ɗaya tal.

Ni ba gwani ba ne. Mai kula da sito ne ni, ranar Asabar kawai nake ganin ruwa. Abin da nake da shi littafi ne, shi ya sa kuke kira na Mai Littafi. Shekara tara ke nan duk ranar da na fita sai na rubuta inda na tsaya, da zaren da na sa, da abin da na kama, da abin da ya kufce mini, wanda shi ya fi cin shafi. Daga cikin littattafan nan na tsamo abubuwa huɗu. Uku na zare ne zalla. Na huɗun ya haɗa da wani bawan Allah da yake cikin zauren nan, kuma saboda shi na roƙi a ba ni wannan dama.

Abu na farko, kauri. Wanda ya fara riƙe zaren kitso yakan ruɗe, don zai ga abu siriri kamar zaren ɗinki amma an rubuta a kwalinsa yana ɗaukar kilo bakwai, sai ya ce ya samu. A keken saman sanda sirantar nan ita ce masifar. Da zarar kifi ya ja da ƙarfi, ko ƙugiya ta maƙale a kututture ka fizga, siririn zare sai ya nutse cikin 'yan'uwansa da ke naɗe. Jifa na gaba zai tafi rabin hanya ya tsaya cak, ƙwarƙwaro kuwa bai san an tsaya ba, ya ci gaba da gudu, sai ka duba ka ga zare ya cukurkuɗe, abin da muke kira gammo. Littafina ya nuna a wata uku da na yi da siririn zare na kwance gammo sau ashirin da shida. Da na koma mai kilo goma sha biyar zuwa ashirin, sau huɗu kawai, kuma biyu daga ciki ina sauraron labarin Direba ne. Saboda haka ku duba kauri kafin ku duba ƙarfi. Kifin da ke tafkinmu ba ya buƙatar kilo ashirin, kekenku ne yake buƙata.

Abu na biyu, yawan silin da aka kitse. Akwai mai huɗu, akwai mai takwas. Mai huɗu yana da kaushi, yana kuka a zoben sanda, amma yana yanka ciyawar ruwa kamar lauje. Mai takwas sumul yake, shiru yake fita, yana kuma ƙara nisan jifa. Wanda yake tsayawa wajen ciyayi yana neman tarwaɗa, ya ɗauki mai huɗu. Wanda yake jifa a fili, ya ɗauki mai takwas. Na daɗe ina shakkar ko kunnena ne kawai yake jin bambancin, sai da na auna da taku a filin ƙwallo: tsakaninsu taku shida ne. Mai yiwuwa hannun wani ya ba shi wani lissafin daban, ni dai nawa ke nan.

Abu na uku, zaren kitso ba ya miƙewa. Na roba yana da haƙuri, idan kifi ya fizga sai ya ɗan bi shi. Wannan ba ya bin kowa. Alherinsa shi ne ko kifi shinshinar ƙugiya ya yi za ka ji a tafin hannunka. Sharrinsa shi ne idan ka matse tauraron da ke gefen mariƙi, wato birkin da ke hana zare fita, har ƙarshe, za ka yage bakin kifi ko ka miƙar da ƙugiya. Ku sassauta tauraro kaɗan. Kuma don Allah kada wanda ya naɗa zaren nan a hannu ya ja, ku nemi guntun itace. Mataimakin Shugaba yana iya ɗaga ɗan yatsansa ku ga shaida.

Yanzu abu na huɗu, abin da ake sawa a ƙarƙashin zare. A nan zan roƙi ku ƙara mini haƙuri.

Waɗanda suka halarci taron bara za su tuna na miƙe a wannan wuri da nake tsaye, na buɗe littafi, na ce Baba Mai Agogo ya lalata mini keke. Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba dattijo ne mai gyaran agogo, shagonsa ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai aski da mai sayar da cajar waya. Tun da waya ta ƙwace wa agogo aiki, gyaran kekunanmu ne yake buɗe masa ƙofa da safe. A bangon bayansa akwai ƙusoshi goma sha biyu da yake rataye kekunan da ke jiran gyara, kuma a da sai ka yi sa'a za ka tarar da ɗaya babu kaya.

Na gaya muku na kai masa kekena ya wanke ya sa mai, tun daga ranar tauraron ya daina riƙewa. Na gaya muku yadda wani giwan ruwa ya kama, ina juya mariƙi zare yana fita, ina ƙara matsewa yana ƙara fita, har ya tafi ya bar ni da kallo. Na karanta muku ranakun: sau uku na mayar, sau uku ya ce lafiya lau, sau uku ya ba ni kunya a ruwa. Kuka yarda da ni. Da Direba ne ya faɗa, da an yi dariya an wuce; amma Mai Littafi ne, da kwanan wata da komai. Baba bai yi musu ba. Ya miƙe daga kujerarsa ya ce, "Ɗan nan, ka kawo mini shi yadda yake." Na rubuta wannan magana a ranar, na ja layi a ƙarƙashinta, na sa a gefe: taurin kai.

Magana zarar bunu ce. Kowace safiya hanyar aikina ta gaban shagonsa take bi, sai na koma tsallaka titi. Amma daga tsallaken ma ana hango bango. Na ga ƙusoshi masu kaya sun koma takwas, sun koma uku, har ranar da na ga hularsa kaɗai a rataye.

Ni kuwa na sayi sabon keke fil a kwali, wanda hannun Baba bai taɓa ba. Wata Asabar da hantsi na zauna a falo na naɗa masa zaren kitso, na ɗaure bakin a ƙafar tebur, na matse tauraro, na ja don in gwada. Zare ya biyo ni. Na ƙara matsewa, ya ƙara biyo ni. Maiɗakina, wadda tela ce, tana kan kekenta na ɗinki a bakin taga. Ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Baban yara, ja kuma in gani." Na ja. Ta ce, "Ai ƙarfen nan ko motsi bai yi ba. Zaren ne gaba ɗaya yake zagaya shi, kamar zobe a yatsan wanda ya tashi daga jinya." Na ce mata wannan ba harkar ɗinki ba ce. Ta ce, "To, Allah ya ba da haƙuri, injiniya. Mu dai jahilai mun san zare mai santsi ba ya kama ƙarfe sai an yi masa shimfiɗa."

Na ɗauko littafi na bakwai. Ga shi nan a hannuna, shafi na hamsin da ɗaya. Layi na farko: na karɓo keke daga wurin Baba. Layi na biyu, a wannan rana, da wannan biro: na cire zaren roba, na sa zaren kitso karo na farko. Abu biyu na canza a yini ɗaya, na kama mai rai na bar marar rai. Sannan duk sau ukun da na mayar da keken, ga abin da na rubuta: na warware zare tukuna, kada mai ya ɓata shi. Ina yabon kaina da tsabta, ashe shaidar nake cirewa in bari a gida. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kwana tara ina zuwa bakin titin ina komawa. Ran na goma na shiga. Baba bai cire gilashin idonsa ba, ya ce, "Mai Littafi, ɓatan hanya ka yi?" Na ajiye tsohon keken a gabansa, wannan karon da zarensa. Ya juya shi sau ɗaya. Ya ɗauko ɗan tsinken da yake shafa wa hannun agogo fenti, ya ɗiga ja a bakin ƙwarƙwaro, ya ɗiga wani a kan zare daidai da shi, ya ce, "Ja." Na ja. Ɗigon zare ya tafi yawo, ɗigon ƙarfe yana nan inda yake. Ya ce, "Sau uku kana barin mara lafiya a gida, kana kawo mini mai jinya." Mai aski da ya leƙo ya yi dariya har da riƙe bango.

Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Tashi, za ka ture mini kwalba. Na yafe maka tun kafin in fita daga zauren taronku. Amma yafiyata ba ta rataya komai a ƙusa. A gaban mutum nawa ka faɗa?" Na ce arba'in da uku. Ya ce, "Ji shi, har ya ƙirga! To inda ka zubar, nan za ka je ka kwashe. Na riga na gaya wa mai benen zan mayar masa da mukulli in koma wurin 'yata, amma zan jira in ga bayan taronku."

A gabana ya warware zaren, ya naɗa gaba goma na zaren roba a ƙasa, ya ƙulla na kitso a kansa, ya sa ni riƙe jiƙaƙƙen tsumma zare yana bi ta ciki don ya naɗu da tauri. Wannan shi ne abu na huɗu: kada ku ɗora zaren kitso a kan ƙarfe tsirara. Ku yi masa shimfiɗa da na roba, ku naɗa da ƙarfi, ku yi gwajin ɗigo biyu kafin ku zargi kowa. Tun ranar keken nan bai sake sakin kifi ba, kuma Asabar uku da suka wuce ya fito mini da giwan ruwan da maiɗakina ta ce ko ba wancan ba ne, to ƙaninsa ne.

Mai girma Shugaba, yau na ƙirga, mu hamsin da ɗaya ne, an samu ƙarin takwas a kan na bara, kuma na ji daɗin haka. A gabanku duka nake cewa: Baba Mai Agogo bai lalata mini keke ba. Aikinsa mai kyau ne a karo na farko, mai kyau ne a na biyu, mai kyau ne a na uku. Ni ne ban sani ba, kuma na yi rashin sanin da babbar murya. Ina roƙon Sakatare kada ya goge maganata ta bara. Ya bar ta inda take, ya rubuta ta yau a ƙarƙashinta, yadda duk wanda ya karanta waccan zai ci karo da wannan. Ku kuma da kuka janye kekunanku saboda ni, ku mayar saboda gaskiya, kuma ku kai su yadda suke, da zarensu.

Baba yana can baya kusa da ƙofa, da jakar kayan aikinsa a cinya. Ni na roƙe shi ya zo da ita. Na ga Direba har ya miƙe da nasa a hannu. Direba, zauna a yi addu'a tukuna, ƙusoshi goma sha biyu ne, za ka samu wuri. Ɗaya dai an riga an kama, don sabon kekena yana rataye a can tun jiya.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da hasken ido, ya bar mukullin nan a aljihunsa shekaru masu yawa. Allah ya albarkaci wannan ƙungiya, ya tsare mu a bakin ruwa da cikinsa, ya tsare mutane daga harsunanmu. Allah ya saka wa matanmu da suke ganin abin da ba mu gani, ya raba mu da gammo, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.