Babur Ɗin da Muka Yi Hajji Tare

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Garba tela daga Tsohon Birnin Gwari.

A kan babur ɗina na tafi hajji ta ƙasa. A bakin tekun Sudan, ma'aikatan jirgin ruwa suka tsiyaye masa mai, suka ɗaure shi inda ruwan gishiri ke fantsamo masa. Na lulluɓe shi da bargona, ni na sha sanyi har Jidda. Da muka dawo, masu zuwa barka har shi suka shafa. Tun ranar Alhaji ake kiransa.

Yanzu ya gaji. Ɗana ya ce, "Baba, mu ba makanike ya kwance shi."

Jama'a, ku ba ni shawara. Ana kwance abokin hajji?