Layin da Ya Karkace

A tashar Rano muna jiran motar Kibiya ta cika, sai wata tsohuwa ta kama bakin mayafin budurwar da ke gefenta.

"'Yata, wa ya saƙa miki wannan?"

"Inji ne ya buga, Hajiya. Wani tsohon gwado na samu a garin Fassi, na ɗauki hotonsa na sa a kwamfuta. Bakin ne na ɗinke da hannu."

"Wannan layin da ya karkace fa?"

"Haka na gan shi a gwadon. Ina son in gyara."

Tsohuwar ta daɗe tana shafa wurin.

"Saƙar innata ce. Ina ƙarama na ja mata zaren, ta yi ta faɗa, amma ta ƙi warwarewa. Don Allah kar ki gyara."