Takalmin Zara da ba a gama ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hadiza daga Birni.

Maigidana, Malam Habu, baduku ne. Kun san halinmu: mutum ya zo daga ƙauye babu takardu, sai ka ara masa katin dantite, wato katin shaidarka, ya sayi layin waya. Haka ya yi wa wani manomin Droum bara. Ran nan jami'an tsaro suka shigo zaure, wai an ga lambar a wayar 'yan bindiga. Ina jiyo shi yana cewa, "Ku bari in gama takalmin 'yata." Ba su bari ba.

Wata biyar ke nan. Duk inda na je sai a ce, "Baiwar Allah, maganar tsaron ƙasa ce." Ni ma ina son zaman lafiya, amma a kai shi gaban alƙali mana, a ji ta bakinsa!

Masu sauraro, wace ƙofa zan buga?

Malam, in kana jina, 'yarmu Zara ta fara tafiya. Jiya na gwada mata ƙafa ɗayan da ka gama. Ya yi mata kaɗan.