Fitilun da suka ƙi mutuwa

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Daga Runka nake rubuto muku. Ni direban a-kori-kura ne, ina jigilar mutane da kaya zuwa kasuwar Batsari.

Ƙanena ya kawo mini fararen fitilu masu ci da rana, wai don masu babur su riƙa hango ni. Mai gyaran wutar mota ya ɗaura su, ya haɗa da makulli. Da ka tayar da mota sun kama, babu makashi.

To mu nan, in magariba ta riske mu a gefen daji, kashe fitila muke yi mu lallaɓa. Ranar kasuwa na kashe manyan, waɗannan suka ƙi mutuwa. Wani dattijo ya bubbuga rufin mota ya ce, "Direba, tallarmu kake wa 'yan bindiga?" Sai da muka tsaya muka shafe su da laka, kowa na salati.

Na koma wurin mai gyaran, ya ce ai haka aka ƙera su, don a gan ka. Har yanzu hankalina bai kwanta ba. Jama'a, yaya ake sa musu makashi? Mu nan, wanda aka gani shi ake ɗaukewa.